An ce jinina ya hau ina da ciki, ni kuwa ba na jin komai: in sha maganin ko in dakata?

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Cikina na fari ne, sati 31 yanzu. Na je awo aka samu jinina 148/96, aka ce in zauna in huta, bayan wasu awanni aka sake aunawa ya nuna 146/94. An duba fitsari an ce lafiya lau. Duk da haka an rubuta min nifedifin, aka ce in riƙa dawowa akai-akai. Abin da ya ɗaure min kai, ni ba na jin komai, ba ciwon kai, ba jiri. Ga shi kuma wata 'yar uwa ta ce min maganin hawan jini yana rage jinin da ke isa ga jariri, sai a haife shi ɗan mitsitsi. Maganin na nan cikin jaka ban taɓa ba. Don Allah masu sani a ba ni shawara.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya raba lafiya. Mu da muka haifi namu ba mu san wani awon jini ba. Ƙafa ta kumbura, in an haihu ta saɓe. Fargabar cikin fari ce ke sa jininki hawa. Ki rage tunani, ki rage gishiri, ki yawaita kwanciya. Jiki magayi ne, da akwai ciwo da kin ji.

Anti Ungozoma:
Hajiya, a gafarce ni, jiki magayi ne amma ban da wannan ciwon. Na sha karɓar mace ta shigo da ƙafarta tana raha, a ɗaura mata na'ura a ga 170/115. Wadda ta jira sai ta ji a jikinta, sau da yawa abin da za ta fara ji shi ne ciwon kan da ke gab da jijjiga. Kuma a zamanin da kuke faɗa, Hajiya, ku tuna mata nawa aka ce sun faɗi suna taune-taune wajen haihuwa ba su tashi ba. Ciwon yana nan tun da can, aunawa ce babu.

Ƙanwata Amarya, ki ɗauko maganin nan ki sha yau ɗin nan. Ƙa'idar ita ce in aka samu 140/90 ko sama da haka sau biyu, da tazarar aƙalla awa 4, to hawan jini ne, ko kina jin daɗin jikinki ko ba kya ji. Naki ya cika wannan sharaɗin.

Amaryar Bara:
To Anti, maganar ƙanƙancewar jaririn fa? Ita ce ta fi tsaya min a rai.

Likitar Mata:
Bari in shigo a nan, don 'yar uwar taki ba daga sama ta ɗauko maganar ba. Shekaru da yawa likitoci da kansu suna da wannan tsoron, shi ya sa a wasu ƙasashe ba a ba mai ciki magani sai jininta ya kai 160/110. An zo an gwada. A 2015 aka fitar da sakamakon binciken CHIPS, wanda ya ƙunshi mata kusan 1,000: wasu aka matsa wajen saukar musu da jini, wasu aka sassauta. Jariran ɓangarorin biyu ba su bambanta ba, amma waɗanda aka sassauta wa sun fi faɗawa hawan jini mai tsanani, kusan 41 cikin 100, alhali ɗaya ɓangaren wajen 28 ne. Sai a 2022 binciken CHAP a Amurka, mata 2,408 masu hawan jini tun kafin ciki ko farkonsa. Waɗanda aka ba magani don a riƙe jininsu ƙasa da 140/90, munanan sakamako sun samu 30 cikin 100 nasu, waɗanda aka bari kuwa 37. Kuma ba a ga ƙaruwar ƙananan jarirai ba.

Gaskiya ne matan da ke shan wannan magani sukan haifi jarirai marasa nauyi fiye da sauran mata. Amma ciwon ne ke jawo haka. Mutane suna ganin magani a hannun uwa, su ga jariri ƙarami, sai su ɗora wa maganin laifi.

Baban Sadik:
Salamu alaikum. Ni namiji ne amma abin ya shafe ni, a yi haƙuri da kutsen da na yi. Maganar magani ban ja ba. Inda nake da ja shi ne gaggawar da ake yi wajen ciro yaro. Mai ɗakina jininta ya hau a cikinta na biyu, aka ba ta magani, ya sauka sarai, kullum 130/80. Muna cika sati 37 aka ce sai an tayar mata da naƙuda. Naƙuda ta ƙi ci gaba, aka ƙare da tiyata. Na tambaya, tunda jinin ya sauka, me ake gudu? Babu wanda ya tsaya ya yi min bayani, sai dai "sa hannu a nan". Har yau ina ganin da an bar ta da ta haihu da kanta.

Maman 'Yan Biyu:
Baban Sadik ka gode wa Allah kana da matarka da ɗanka a gida kana ƙorafin tiyata.

Baban Sadik:
Na gode masa, Maman 'Yan Biyu. Amma godiya ba ta hana tambaya.

Likitar Mata:
Ba ta hana ba kam, kuma rashin yi maka bayani kuskure ne babba. Mutumin da aka ce ya sa hannu ba tare da ya gane dalili ba, gobe shi ne zai hana ƙanwarsa zuwa asibiti. Tambayarka ita ce gundarin maganar gaba ɗaya, don haka zan ɗan tsawaita.

Hawan jinin mai ciki ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ta shigo cikin da abinta, ko aka gano shi kafin sati 20. Akwai wadda ya taso mata bayan sati 20 shi kaɗai, kamar na Amarya a yanzu. Sai kuma wanda muke tsoro, firi'ikilamsiya, inda ban da hawan jinin ake samun furotin a fitsari, ko alamar ƙoda, hanta, ƙwaƙwalwa ko jini sun taɓu. Shi ne share fagen jijjiga, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana samun ciki 2 zuwa 8 cikin kowane 100.

Tushensa a mabiyiya yake. A farkon ciki, ƙananan jijiyoyin jinin mahaifa da ke shayar da mabiyiya ya kamata su buɗe su yi faɗi. A wasu matan ba sa buɗewa yadda ya kamata, sai ya zama kamar ana ban ruwan gona da siririyar mesa. Mabiyiyar da ba ta samun isasshen jini sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa, su kuma su lalata fatar cikin jijiyoyinta a ko'ina. Jijiyoyi su matse, jini ya hau. Ƙoda ta fara yoyon furotin. Ruwa ya fita daga jijiya ya taru a fuska da hannu, wani lokaci har huhu.

To ka ga, Malam, ƙwayar da matarka ta sha lambar da ke kan na'ura ta saukar, ta kare ta daga fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Ba ta gyara mabiyiya ba. Muddin mabiyiyar na ciki, ciwon na iya ci gaba a ɓoye, 130/80 ɗin nan tana nan kuma hanta na lalacewa, ko mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa kwatsam, jariri ya rasu cikin mintuna. A sati 37 jariri ya nuna, abin da zai ƙaru da shi in an jira kaɗan ne, uwa kuwa kowace rana haɗarinta ƙaruwa yake. An gwada wannan a ƙasar Holan, binciken HYPITAT na 2009: matan da aka tayar wa naƙuda, 31 cikin 100 suka samu matsala, waɗanda aka jira 44. Kuma tayar da naƙudar bai ƙara yawan tiyata ba.

Baban Sadik:
To in haka ne me ya sa ba a cire shi tun sati 34 a huta? Ai kin ce mabiyiya ce matsalar.

Likitar Mata:
Domin a nan lissafin ya canza, mutum biyu ne a kan sikeli. Ƙasa da sati 34 huhun jariri bai gama ƙwari ba, don haka in halin uwa ya bari, ana kwantar da ita a sa ido, a yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun jaririn, a ja kwanaki. In abin ya tsananta kuwa, jini ya ƙi sauka, ƙoda ko hanta ta taɓu, ko ta yi jijjiga, ba a duba sati, ciro shi ake yi. Tsakanin 34 da 37 ne likitoci suka daɗe suna muhawara. Wani bincike a Ingila a 2019 ya nuna haihuwa da wuri ta fi wa uwa, sai dai jarirai da yawa sun kwana a sashen jarirai. Wani da aka yi a Indiya da Zambiya, aka fitar a 2023, ya nuna haihuwar da aka tsara a wannan tsakanin ta rage mutuwar jarirai a ciki. Ni a ganina wannan na biyun ya fi nauyi, domin jaririn da ke kwalba ana ganinsa ana taimakonsa, na ciki kuwa sai dai a ji shiru.

Maman 'Yan Biyu:
Bari in faɗi nawa, Baban Sadik ka gane abin da ya sa na yi maka magana da zafi. Tagwayena sati 33 suna ciki. Na kwana da wani ciwo a ƙasan haƙarƙarina na dama, da tashin zuciya. Kowa ya ce olsa ce, ni ma haka na ɗauka, na sha maganin olsa. Da muka je asibiti wanda ya fara duba ni ma maganin olsar ya ƙara min ya sallame ni, ko jinina bai auna ba. Da daddare idanuna suka fara ganin walƙiya. Wani asibitin muka nufa, a can aka ce hantata ce ta kumbura, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun zube. A daren aka yi min aiki. Ɗaya ya rayu, ɗaya bai zo da rai ba. Sunan da nake amfani da shi a nan ban canza ba don ni dai biyu na haifa.

Hajiya Kaka:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, 'yata. Allah ya raya wanda ya bari.

Baban Sadik:
Allah ya ba ki haƙuri, 'yar uwa. Na fahimce ki.

Anti Ungozoma:
Amin. Abin da ya same ta shi ake kira HELLP, kuma mugunsa shi ne yakan zo wani lokaci jinin bai ma hau sosai ba. Ciwon saman ciki ko ƙasan haƙarƙarin dama ga mai tsohon ciki, ba a ce masa olsa sai an auna jini an duba fitsari. Amarya ki riƙe waɗannan: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin farasitamol, gani dishi-dishi ko walƙiya, wancan ciwon na haƙarƙari, amai a ƙarshen ciki, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, numfashi sama-sama, zubar jini, ko motsin jariri ya ragu. Ko ɗaya kika gani ba a jiran ranar awo, ba a jiran gari ya waye. Haka in a na'ura lambar sama ta kai 160 ko lambar ƙasa ta kai 110. Kumburin ƙafa shi kaɗai kuwa, Hajiya ta yi gaskiya, yawancin masu ciki suna yi, ba shi ne abin dubawa ba.

Hajiya Kaka:
To ko a nan na ci ɗaya. Gishirin fa da kwanciyar?

Likitar Mata:
Hajiya, rage gishiri yana da kyau ga kowa, amma ba a ga yana hana wannan ciwon ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a dogara da shi ba. Kwanciya wuni guda ma haka, har tana iya jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Abubuwa biyu ne ake ba da shawararsu don rage shi: kalsiyam ga matan da abincinsu ba shi da isasshensa, da ƙaramin asfirin ga waɗanda ke cikin haɗari.

Ɗalibar Jinya:
Likita, asfirin kuma? Mu an koya mana mai ciki ta guje shi.

Likitar Mata:
Babban da ake sha don ciwon jiki, e, ta guje shi. Wannan ƙarami ne, miligiram 75 zuwa 150 a rana, kuma likita ne ke rubutawa bayan ya duba tarihin mace. A binciken ASPRE na 2017 an ba mata masu haɗari miligiram 150 kowane dare tun daga sati 11 zuwa 14 har sati 36, sai firi'ikilamsiyar da ke sa a haihu kafin lokaci ta ragu da kashi 62 cikin 100. Sirrin yana ga lokacin farawa, domin a farkon ciki ne jijiyoyin nan ke buɗewa. Wadda ta fara awo a wata na bakwai ta riga ta wuce wannan damar. Masu haɗarin su ne wadda ta taɓa yi a cikin baya, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda. Sai masu bi musu: cikin fari, tagwaye, shekara 40 zuwa sama, ƙiba sosai, tazarar sama da shekara 10 tsakanin haihuwa, ko uwa ko 'yar uwa ta taɓa yi.

Ummu Zahra:
Ni tambayata daban. Ina da hawan jini tun kafin aure, ina shan lisinofiril, kuma muna neman haihuwa. In daina ne?

Likitar Mata:
Kada ki daina haka kawai, ki je a canza miki tun kafin cikin ya shiga. Lisinofiril da danginsa, da su losatan, suna lalata ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Waɗanda aka saba ba masu ciki su ne labetalol, nifedifin da metildofa, amma in kina da asma ki faɗa, labetalol ba naki ba ne. Wani abu kuma: a tsakiyar ciki jini yakan sauka da kansa, har ki ɗauka kin warke. Zai dawo a watannin ƙarshe.

Amaryar Bara:
Na sha maganin yanzu. Maigida ya ce zai sayo na'urar awo mu riƙa dubawa a gida.

Anti Ungozoma:
Madalla da shan magani. Na'urar kuwa ni ina ɗari-ɗari da ita. Na ga matan da suka daina zuwa awo don na'urar gida tana nuna musu lamba mai kyau. Na'ura ba ta duba fitsari, ba ta auna girman jariri, ba ta jin bugun zuciyarsa. Wasu ma na wuyan hannu suke saya, ko maɗaurin ya yi wa damtsensu kaɗan, lambar ta fito ba daidai ba.

Likitar Mata:
Anti, a nan mun ɗan saɓa. Ko an cika zuwa awo sau 8 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016, akwai kwanaki da yawa a tsakani, ciwon nan kuwa yana iya juyewa cikin kwana biyu. Na fi son ta samu na'urar, ta damtse, ta kai asibiti a gwada ta da tasu. Ta zauna ta jingina minti 5 kafin ta auna, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba magana, ta rubuta a takarda.

Anti Ungozoma:
Ke kina ganinsu a ofis, Likita, ni nake bin sawun waɗanda suka ɓace. Amma na yarda in za ta riƙe ta a matsayin ƙari. Amarya, ranar da kika fasa awo saboda na'urar nan, ni da ke ne.

Baban Sadik:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In Allah ya kiyaye mace ta fara jijjiga a gida, me mutum zai yi kafin a kai asibiti?

Anti Ungozoma:
Ka kwantar da ita ta gefen hagu, ka kawar da abin da za ta buge, kada ka danne ta, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko wani abu, shaƙewa za ta yi. Yawanci takan lafa cikin minti ɗaya zuwa biyu, sai a ɗauke ta nan take ko da ta farfaɗo ta ce ta ji sauƙi, don tana iya maimaitawa. A asibiti allurar magnesiyam salfet ake yi, a ci gaba da ita har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Tana sa jin zafi a jiki kamar an watsa wuta, mata ba sa son ta, amma babu kamarta.

Ɗalibar Jinya:
Wannan mun karanta shi. Binciken Magpie na 2002, mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ta rage aukuwar jijjiga da kashi 58 cikin 100. Kuma ana lura da numfashi da yawan fitsari da motsin gwiwa lokacin da ake ba da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Likita ni har yanzu tsoron sake ɗaukar ciki nake. Kuma bayan an sallame ni babu wanda ya ce in sake auna jini. Shi ke nan ya wuce?

Likitar Mata:
Wannan sakacin yana ba ni takaici, don kowa hankalinsa na komawa kan jariri a manta da uwa. Jini yakan kai ƙololuwa ne tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, lokacin da yawanci an riga an koma gida, kuma jijjiga na iya zuwa har cikin sati 6, ko ga wadda ba ta da komai lokacin ciki. Mai jego da ciwon kai mai tsanani a auna ta kafin a ce rashin barci ne. Magungunan da na ambata ba sa hana shayarwa, sai dai metildofa akan canza shi bayan haihuwa don yana iya jawo ƙuncin rai.

Game da sake ɗaukar ciki, yawancin mata ba ya dawo musu. A jimlace wajen 1 cikin 6 ne ke sake yin firi'ikilamsiya, amma ga wadda ta haihu tsakanin sati 28 da 34 saboda shi, kamar ke, ya kai wajen 1 cikin 3. Don haka ki ga likita kafin cikin, a duba jini da ƙoda, a fara asfirin daga sati 12, a riƙa hoton ciki ana bin girman jariri. Sannan ko ba ki sake haihuwa ba, wadda ta taɓa yi haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yakan ninka mata kusan sau biyu nan gaba, na hawan jini mai ɗorewa kuwa sau uku zuwa huɗu. Ki riƙa aunawa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma duk likitan da ya tambaye ki tarihin lafiyarki ki faɗa masa, ko da ciwon gwiwa ne ya kai ki.

Maman 'Yan Biyu:
To ƙannena mata fa? Biyu suna gab da aure.

Likitar Mata:
Ki gaya musu, su kuma su faɗa a ranar awonsu na farko cewa yayarsu ta yi. Cikin fari haɗe da tarihin 'yar uwa ya isa a duba yiwuwar ba su asfirin, amma sai sun je kafin sati 16 za a ci moriyarsa sosai.